Daga Bangon Ɗakin Amarya Zuwa Takarda: Yadda Fari Ya Sauya Zanen Madhubani

A shekarar 1966 damina ta ƙi a jihar Bihar ta Indiya. Shinkafa ta bushe a gona, kafin shekara ta zagayo yunwa ta shiga gidaje. Gwamnatin Indira Gandhi, wadda ko shekara ba ta cika a kan mulki ba, ta duƙufa rabon hatsi. Amma cikin dabarun agajin akwai wata da ba ta yi kama da agaji ba ko kaɗan. Pupul Jayakar, matar da ke da faɗa a ji a harkar sana'o'in hannu ta ƙasar, ta tura wani mai zane daga Bombay, Bhaskar Kulkarni, zuwa ƙauyukan Madhubani ɗauke da damin takardu. Aikinsa shi ne ya bi gida-gida, ya roƙi mata su zana masa a takarda abin da suka saba zanawa a bangon ɗakunansu, hukuma ta saya ta kai birni ta sayar.

Duk mai kallon finafinan Indiya ya sha ganin hotunan allolin Hindu rataye a bango: mai kan giwa, mai shuɗin jiki da sarewa, mace mai hannuwa da yawa a bisa zaki. Waɗancan galibi bugun inji ne, masu sheƙi. Na Madhubani wani abu ne daban, kuma ba aƙidar masu shi ce ta kawo mu ba. Abin da ya kawo mu shi ne abin da ya sami wata sana'ar mata ta cikin gida ranar da aka sa mata farashi.

Abin da ke bangon tun farko

Madhubani gari ne a arewacin Bihar, dab da iyakar Nepal, kuma ma'anar sunan ita ce dajin zuma. Yana cikin tsohuwar ƙasar Mithila, wadda iyaka ta raba tsakanin Indiya da Nepal, mutanenta suna magana da harshen Maithili. A Ramayana, tsohon labarin Hindu, nan ne mahaifar Sita, 'yar Sarki Janaka, wadda ta auri Rama. Mutanen yankin kan ce zanen ya samo asali ne daga ranar da Janaka ya sa aka ƙawata garinsa domin wannan biki. Labarin baka ne, amma ya nuna inda zuciyar zanen take: aure.

Mata ne ke yinsa, uwa ta koya wa 'ya. Akwai na ƙasa, da ake kira aripan, wanda ake yi da ƙullun shinkafa da yatsu a daɓe, a tattake shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai na ɗakin abin bautar gida. Sai kuma babbansu, na kohbar, wato ɗakin da ango da amarya za su yi kwana huɗu na farko.

A dubi bangon kohbar da kyau. Ana fara yaɓe shi da laka haɗe da kashin shanu, a bar shi ya sha iska, a shafe da fari. A tsakiya sai a zana wata shuka ta cikin tafki, 'yar'uwar bado, da faffaɗan ganyenta zagaye-zagaye kewaye da kara guda. A gefe ga kurmin gora. Ƙasa ga kifi da kunkuru da maciji, sama ga rana da wata, ga aku biyu suna haɗa baki. Duk abubuwa ne masu saurin yaɗo da hayayyafa, domin fatan da ake yi wa amarya ke nan. A wata kusurwa a zana amaryar tana bauta wa Gauri, matar Shiba, angon na zaune kusa da ita. A kusurwoyin ɗakin akwai wata mata lulluɓe, ido ɗaya a waje, da kwando a ka, mai suna Naina Jogin, wadda suka yi imani tana kare ma'auratan daga kambun baka. Sauran bangon kuma na alloli ne: Durga, Kali, Ganesha, Krishna da Radha a gindin bishiya, Rama da Sita suna rataya wa juna furanni.

Kayan aikin duk na tsakar gida ne. Baƙi daga ƙunƙunniya, rawaya daga gangamau, shuɗi daga baba, fari daga garin shinkafa, ja da ruwan goro daga furanni, a kwaɓa da ƙaro don ya kama. Burushi kuwa tsinken gora ne da aka naɗe bakinsa da auduga ko tsumma. Fuska kusan kullum a karkace take, hanci mai tsini, ido guda ƙato mai siffar kifi. Layin jiki biyu ake ja, a cike tsakaninsu da 'yan gajerun zane. Kuma ba a barin fili: duk inda ya rage sai an cusa fure ko tsuntsu ko ganye.

Babu mai sa suna a jikin wannan aiki, babu mai biya. Matan dangi ne ke taruwa, wadda ta fi hannu ta ja layi, saura su cike launi. Biki ya wuce, damina ta zo, bango ya dusashe, a sake yaɓe idan wani auren ya taso. Ba don ya daɗe ake yinsa ba.

Baturen da girgizar ƙasa ta buɗe wa ɗaki

Ranar 15 ga Janairun 1934 aka yi wata mummunar girgizar ƙasa a Bihar da Nepal, ta kashe mutum sama da dubu 10. Jami'in mulkin mallaka da ke riƙe da Madhubani a lokacin, irin wanda a nan ake ce wa Di'o, wani matashin Bature ne, William Archer. Ya fita duba ɓarna, sai ya ga bangaye sun tsage, ɗakunan ciki da baƙon namiji ba ya shiga sun fito fili, ga zane a jikinsu. Ya ɗauki hotuna a shekarun da suka biyo baya, a 1949 kuma ya buga maƙala a kan zanen a mujallar Marg ta Bombay.

Archer ya yi abin kirki da ya adana hotunan, amma da idon Turai ya kalli bangon. Ya kwatanta shi da aikin masu zanen zamani na ƙasashensu irin su Klee da Miro da Picasso, ya kuma yi wa shukar tafkin da goran fassarar da daga baya masu bincike suka tarar matan da kansu ba haka suke faɗa ba. Shi ne kuma ya fara raba zanen bisa ajin masu yinsa. A tsarin Hindu mutum da ajinsa ake haihuwarsa, ajin ne ke faɗin sana'arsa da wanda zai aura da wanda zai ci abinci da shi. Archer ya lura matan Brahmin, ajin malaman addini, sun fi son cika siffa da launi mai kauri, matan Kayastha, ajin marubuta da akawu, sun fi son siririn layi da baƙi da ja kawai. Salon farko shi ake kira bharni, na biyu kachni. Ƙananan aji kuwa kusan ba su fito a lissafinsa ba.

Maƙalar ba ta sauya komai a ƙauye ba. Shekara goma sha bakwai ta yi a kan kanta, sai da yunwa ta zo aka tuna da ita.

Waɗanda suka karɓi takardar

Kulkarni bai sami karɓuwa a manyan gidaje ba. Ga masu ji da asali, a ce matar gida ta zana abin bauta ta miƙa wa baƙo a ba ta kuɗi, abin kunya ne. Waɗanda suka amsa su ne waɗanda talauci ya riga ya cire musu wannan nauyin: matan Brahmin na ƙauyen Jitwarpur, 'yan reshen Mahapatra masu hidimar mamata, waɗanda sauran Brahmin ke yi wa kallon na baya, da matan Kayastha na ƙauyen Ranti da kewaye. Takarda ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya a wurinsu. Matan Kayastha sun daɗe suna ajiye 'yan samfurin zane a takarda don tuni, kuma suna zane takardar da ake ƙunshe jan garin nan da matar aure ke sawa a tsagar gashinta. Sabon abu shi ne a zana don baƙo, a kuma karɓi kuɗi.

Takardun da suka isa Delhi sun sami kasuwa nan da nan. Cikin 'yan shekaru zanen ya shiga otal-otal da ofisoshin gwamnati da jiragen ƙasa. Sannan wani abu ya faru wanda bango bai taɓa yi ba. Mai saye ya fara tambayar wace ce ta yi wannan. Aka fara rubuta suna, aka fara gane hannun wance daban da na wance.

Jagdamba Devi ta Jitwarpur ce ta fara samun Padma Shri, lambar girmamawa ta huɗu a daraja da Indiya ke bai wa farar hula, a 1975. Sita Devi, ita ma ta Jitwarpur, gwanar bharni mai dogayen siffofi da launi mai haske, ta samu a 1981. Ganga Devi ta biyo a 1984. Baua Devi, mai zanen macizai, aikinta ya shiga wani babban baje koli a cibiyar Pompidou ta Faris a 1989. Wani ɗan Japan, Tokio Hasegawa, ya mayar da wata tsohuwar makaranta a Tokamachi, cikin duwatsun Niigata masu dusar ƙanƙara, gidan tarihin zanen Mithila a 1982, yana gayyato matan su zauna su yi aiki a can.

Ganga Devi

A kanta ya kamata a daɗe, domin ita ce amsar masu cewa takarda ba ta ƙara wa zanen komai ba. An haife ta a 1928 a gidan Kayastha. Ba ta haihu ba, mijin ya yi mata kishiya, aka wofintar da ita cikin talauci. Matar da aurenta ya watse ita ce ta zama gwanar zanen ɗakin aure.

Alƙalami da tawada ne kayan aikinta, layinta siriri kamar gashi. Ta fara da abin da ta gada, kohbar da alloli. Sai ta ga takarda tana ba da damar da bango ba ya bayarwa: a jera fage bayan fage a ba da labari. Ta zana Ramayana kashi-kashi. Daga nan ta yi wani dogon aiki a kan rayuwar mace a Mithila, tun daga ciki, haihuwa, aski, aure, duk al'adar da ake yi a kowane mataki. A nan alloli sun koma gefe, mutane sun dawo tsakiya.

A 1985 aka tafi da ita Amurka bikin nuna al'adun Indiya. Da ta dawo ta zana abin da ta gani, har da jirgin wasan nan mai hawa da gangarawa a kan dogo, fasinjojinsa jere da idanun kifi irin na Radha, kowane fili cike da fure yadda aka saba. Bayan 'yan shekaru ciwon daji ya kama ta, ta zauna a Delhi tana jinya. A wannan zaman ta zane ɗaki guda na kohbar a gidan tarihin sana'o'in hannu na birnin, sannan ta zana jinyar kanta: ga ta kwance a gadon asibiti, ga likitoci, ga masu ɗibar jini. Layin da aka koya mata don Gauri da shi ta zana gadon asibiti, bai kuma gaza ba. Ta rasu a 1991.

Masu jarfa

A gefen Jitwarpur akwai unguwar Dusadh, ɗaya daga cikin ajujuwan da ake kira Dalit, waɗanda a da ko taɓa su ba a yi. Matansu ƙwadago suke yi a gonakin wasu. Suna ganin maƙwabtansu na samun kuɗi da takarda, amma zana Rama ko Krishna a lokacin abu ne da manyan aji ba za su ƙyale su a kai ba. A shekarun 1970 wata Bajamushiya mai nazarin al'adu, Erika Moser, ta zauna a ƙauyen, ta ba su shawara su duba abin da ke jikinsu. Matan Dusadh suna da jarfa a hannu da ƙafa da ƙirji, jeri-jeri na 'yan tsuntsaye da furanni da da'ira. Chano Devi na cikin na farko da suka kwashe waɗannan siffofi zuwa takarda. Aka sami salo na uku, godna, wato jarfa, sau da yawa a kan takardar da aka wanke da ruwan kashin shanu ta yi launin bangon laka.

Da suka tashi zana abin bauta kuma, nasu suka zana: Raja Salhesh, gwarzon da Dusadh ke girmamawa, a bisa giwa, da labarinsa da maroƙansu ke rerawa. Wannan a ganina shi ne babban abin da takardar Kulkarni ta haifar, kuma ba shi aka yi niyya ba. Gwarzon mutanen da ake hanawa shiga wurin ibada ya shiga gidajen tarihi a jere da allolin masu hana su.

Daga baya ma wannan shingen ya rushe. Dulari Devi, 'yar ajin masunta, aikatau take yi a Ranti, a gidan Mahasundari Devi da Karpoori Devi, manyan masu zane biyu. Tana wanke-wanke tana kallo, har suka koya mata. Tana zana alloli, tana zana masunta da komarsu. Mahasundari ta sami Padma Shri a 2011, mai aikinta ta samu a 2021.

Kura da shan bugu

Kada a ɗauka komai ya tafi daidai. Da kasuwa ta buɗe, dillalai suka cika ƙauyukan. Mai kanti a Delhi ba ruwansa da wace ce ta zana, abin da ya sani shi ne Radha da Krishna suna tafiya, don haka a kawo masa guda hamsin iri ɗaya. Mace ta yini a tsugune, a ba ta abin da bai taka kara ya karya ba, a sayar a birni ninkin-ba-ninkin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gida ya zama masana'anta: wannan ta ja layi, wannan ta cika launi, yara su yi baki-baki. Fentin kanti ya kori gangamau da baba a yawancin gidaje, don ya fi sauri. Maza, waɗanda da ba sa kusantar aikin, suka shigo da suka ga akwai samu, wasu a matsayin masu zane na gaske, da yawa a matsayin masu riƙe kuɗi.

Wani Ba'amurke mai nazarin al'adu, Raymond Owens, ya iso a ƙarshen shekarun 1970 ya tarar da wannan hali. Ya taimaka aka kafa ƙungiyar masu zanen a 1977, sannan a 1980 shi da abokansa suka kafa gidauniyar Ethnic Arts Foundation. Dabararsa mai sauƙi ce. Ya ce wa matan su daina gaggawa, su zana abin da ya dame su. Ya sayi mafi kyau da farashi mai tsoka, ya kai Amurka ya sayar, ya dawo musu da ribar a matsayin biya na biyu. Bayan rasuwarsa a 2000, da abin da ya bari aka buɗe makarantar koyon zanen Mithila a garin Madhubani a 2003. Ɗalibanta, galibinsu 'yan mata, sun zana abubuwan da kakanninsu ba su zana ba: azabar da ake yi wa amarya a kan dukiyar da iyayenta za su biya ango, zubar da cikin 'ya mace, ambaliyar da ke cin yankin kusan kowace damina. Wata sa'in Durga ko Kali na tsaye a tsakiyar hoton, amma yanzu shaida take bayarwa.

Masu kukan cewa kasuwa ta kashe al'ada suna da rabin gaskiya. Zanen da aka yi don amarya guda, a ɗaki guda, da waƙar mata a kai, ba ɗaya yake da wanda aka buga a jikin kofin shayi ba. Sai dai masu wannan kuka sukan manta cewa a zamanin bangon da suke yabo, Chano Devi ba ta da wuri, Ganga Devi kuma da a wancan zamanin ta rayu, da har ta mutu ba wanda ya san sunanta bayan ƙauyensu. Ɗaya rabin gaskiyar kuma yana wurin dillalan: yawancin masu zanen yau ba Ganga Devi ba ne, mata ne da ke maimaita Krishna guda don a sami na cefane, kuma lambobin yabon da aka ba 'yan kaɗan ba su ƙara musu ko sisi ba.

A 2007 gwamnatin Indiya ta yi wa sunan zanen rajista a matsayin kayan yankinsa, don kada wani ya yi a wani wuri ya laƙaba masa sunan. Rajistar ba ta hana injuna buga siffofin a jikin sari da jaka da labule ba. A 2012 wasu masu zane suka zana alloli a jikin itatuwan bakin hanya a gundumar Madhubani, da lissafin cewa mai gatari zai yi shakkar sarar itacen da ke ɗauke da Rama da Sita. A 2017 masu zane sama da ɗari suka taru suka zane bangon tashar jirgin ƙasa ta Madhubani, zanen ya koma bango, amma na siminti, a bainar jama'a.

Ɗakin amarya fa? Har yanzu ana yin kohbar a Mithila. Gidajen laka suna ƙarewa, 'yan mata da yawa suna makaranta ko suna birni, ba kowane dangi ke da mai hannu ba. Don haka idan biki ya matso, iyalai da dama sukan aika wurin mai zane a Ranti ko Jitwarpur, su ba da aikin kohbar a babbar takarda, da shukar tafkin da goran da kifin da akun duka. Ana gobe ɗaurin aure a kawo ta a naɗe, a warware, a manna a bango.